Gadar Kogin Kwai da Tambayar Baba Tsoho

Akwai wani dare da na daɗe ina son in ba ku labarinsa, domin shi ne mafarin duk ɗan abin da na sani game da Yaƙin Bama, kuma shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina.

A farkon shekarun 1990 ne, yayana da ke aiki a Kaduna ya zo mana hutun Sallah gida Birnin Gwari, ya taho da bidiyo da kasa-kasai cike da jaka. Akwai na Indiya, akwai na Canis, sai kuma wani tsohon fim na Turawa da ba wanda ya kula shi sai a daren ƙarshe, bayan mun cinye sauran. Aka fito da talabijin tsakar gida, aka ta da inji, aka shimfiɗa tabarmi, yaran maƙwabta suka cika ko'ina har kan katanga. Sunan fim ɗin The Bridge on the River Kwai. Mu kuwa da yake ba mu san wani Kwai ba sai na kaza, nan take muka raɗa masa Gadar Ƙwai.

Akwai ƙanen kakanmu a gidan, wanda kowa ke kira Baba Tsoho. Ba ruwansa da kallo, da ya yi sallar isha'i sai ɗaki. Amma a daren nan, da aka zo wurin da fursunonin Ingila suke shigowa sansani suna maci suna fito da baki, sai muka ji ƙarar sandarsa. Ya fito, aka ba shi kujera, ya zauna bai ce uffan ba har aka fasa gada, jirgin ƙasa ya rufta cikin ruwa. Sannan ya dubi yayana ya ce, "Kai yaro, wace ƙasa ce wannan?" Yaya ya ce, "Wajen Bama ne, Baba." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Dajin ya so ya yi kama, amma ruwan sama bai kai ba. To ina mutanenmu?"

Muka kwashe da dariya, don a ganinmu me zai kai Bahaushe cikin fim ɗin Turawa? Mun dai san ana cewa Baba Tsoho ya je Bama, amma a wurinmu maganar ba ta wuce a ce wane ya taɓa zuwa Ikko ba. Bai yi fushi ba, ya ja sandarsa ya koma ɗaki. Shekara biyu bayan nan Allah Ya yi masa rasuwa, ba wanda ya taɓa zama ya ce masa, "Baba, ba mu labari."

Kwanakin baya na sake kallon fim ɗin a kwamfuta, ni kaɗai, sai tambayar nan ta dawo mini sabuwa fil. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta amsar da ya cancanci a ba shi a wancan dare.

Bari mu fara da fim ɗin kansa. An fitar da shi a 1957, David Lean ne ya ba da umarni, an kuma ciro labarin daga littafin wani Bafaranshe mai suna Pierre Boulle na 1952. Alec Guinness ya fito a matsayin Kanar Nicholson, hafsan Ingila mai taurin kai wanda Japanawa suka kama tare da mutanensa, suka tilasta musu gina gadar jirgin ƙasa. Sessue Hayakawa shi ne Kanar Saito, shugaban sansanin. Nicholson ya ɗauki aikin da zafi don ya nuna wa Japanawa cewa Bature ya fi su iya aiki, har ya manta da cewa abokan gaba yake ginawa. Fim ɗin ya ci lambar Oscar guda 7. Kuma Baba Tsoho bai yi kuskure ba da ya ce dajin kama kawai ya yi, domin ba a Bama ko Tailan aka ɗauki fim ɗin ba, a tsibirin Silon ne, wanda yanzu ake kira Siri Lanka.

Shi dai layin dogon gaskiya ne an gina shi. Bayan Japan ta mamaye Bama a 1942, ta so ta haɗa Tailan da Bama ta ƙasa don kai wa sojojinta kaya, saboda hanyar teku ta yi haɗari. Tsawon layin kilomita 415, an gama shi a watan Oktoba 1943. Fursunonin yaƙi kimanin 60,000 aka sa aikin, 'yan Ingila da Ostareliya da Holan da Amurka, fiye da 12,000 daga cikinsu suka mutu. Amma waɗanda suka fi shan wuya su ne lebura 'yan Asiya, mutanen Bama da Malaya da Tamilawa da mutanen Jawa, waɗanda aka kiyasta wajen 90,000 daga cikinsu sun mutu saboda yunwa da kwalara da duka. A fim ɗin da ƙyar za ka ga inuwarsu. Haka kuma hafsan da ya shugabanci fursunoni a wurin gadar ta ainihi, Laftanar Kanar Philip Toosey, bai yi wa Japanawa irin biyayyar Nicholson ba, shi ya sa da yawa daga cikin tsofaffin fursunonin suka ji haushin fim ɗin. Ita ma gadar ba wasu 'yan kundumbala ne suka fasa ta ranar buɗe ta ba, jiragen sama ne suka yi mata ruwan bama-bamai a 1945.

To ina mutanenmu? A nan sai a yi wa fim ɗin adalci, don gaskiya ɗaya ce. Sojojin Nijeriya ba sa cikin fursunonin da suka gina wannan layi. Lokacin da ake aza ƙarfen ƙarshe, su kuma sannan suke sauka Indiya suna shirin shiga daji ta ɗaya ɓangaren ƙasar. Wato Baba Tsoho ya ga yaƙinsa ne a talabijin, amma ta ƙofar da ba tasa ba. Tasa ƙofar ga yadda take.

Singafo ta faɗa hannun Japan ranar 15 ga Fabrairu 1942, bayan Malaya ta riga ta faɗi, sai Bama ma ta kuɓuce wa Ingila, har Japanawa suka iso bakin iyakar Indiya. Ingila na fama da Hitila a gida, ba ta da isassun mutane, sai ta waiwayo ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma, wato Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Wasu manyan hafsoshinta suna ganin tunda baƙar fata ne, ai ɗan daji ne, zai iya da kurmin Bama. Alhali mafi yawan sojan Nijeriya na lokacin 'yan Arewa ne, mutanen fili da saura. Ko mu nan Birnin Gwari da ake yi mana kirari da daji, dajin namu na doka ne da maɗaci da ɗorawa da kaɗanya, wanda rana ke ratsawa, ba kurmin gora mai duhu ba inda ruwa zai yi wata da watanni yana zuba, matsattsaku na shiga takalmi.

Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka nemi mutane. Wani ya shiga don kakin da albashin, wani don ya guje wa haraji ko wani bashi, wani abokansa ya bi, wani kuwa dagaci ne ya nuna shi da yatsa don a cika adadin da Di'o ya nema. Abin da zai ba ka mamaki, mai karatu, shi ne fim ma ya taka rawa a nan. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen mallaka, ƙarƙashin William Sellers wanda ya yi aikin tsabta a Ikko. Motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna jirage da igwa da sojoji cikin fareti, tafinta na bayani da Hausa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ma tana kawo labarin yaƙi. Saboda haka da yawa daga cikin samarin nan a majigi suka fara ganin yaƙin da zai ci su.

An kafa runduna biyu manya. Ta 81 an haɗa ta a watan Maris 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta tashi daga Ikko cikin jirgin ruwa, ta zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu har Bombay. Ta 82 ta bi bayanta a 1944. Jimilla an kiyasta sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Hausa ita ce harshen bariki a cikin bataliyoyin Nijeriya, har Turawan hafsoshi sai sun koye ta. Ka ga ke nan akwai lokacin da Hausa ta cika kwazazzaban Arakan, ana ba da oda da ita, ana zagi da ita, ana kiran iyaye da ita lokacin fitar rai. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, ya yi tattaki har can don ya gaida sojojin ya ƙarfafa musu gwiwa.

Runduna ta 81 an tura ta kwarin Kogin Kaladan, a yankin Arakan da yanzu ake kira Rakhine, tun daga ƙarshen 1943. Wuri ne na duwatsu da kurmi, ba hanyar mota. Abu biyu suka sa ta iya tafiya. Na farko, daga sama ake jefo mata abinci da harsashi da laima, kuma tana cikin manyan rundunoni na farko da aka ciyar gaba ɗaya ta wannan hanya. Na biyu su ne 'yan dako, dubban samari da aka ɗauka soja amma aikinsu ɗaukar kaya a ka, da gammo da adda, yawancinsu ba bindiga. Su ke ɗauke da harsashi da sassan igwa da masu rauni, su hau dutse su gangara, a inda ko alfadari sai ya tirje. Da hannu kuma sojojin suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon mil 75 cikin duwatsun, aka sa mata sunan Afirka ta Yamma. A watan Maris 1944 Japanawa suka yi musu dirar mikiya a wajen Kyauktaw, dole suka ja da baya. Bayan damina suka sake komawa kwarin.

Akwai kuma birged ta 3, mai bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, wadda aka cire aka ba Janar Orde Wingate, shugaban dakarun da ake kira Chindit. Aikin waɗannan shi ne a sauke su da jirgin sama can bayan abokan gaba, su yanke musu hanya. An fara saukar da dakarun ranar 5 ga Maris 1944, Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgi ranar 24 ga watan, amma aikin bai tsaya ba. 'Yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka tsare sansanin da aka kira White City, kusa da Mawlu, wanda aka kafa a kan layin dogon da ke kai wa Japanawa kaya zuwa arewacin Bama. Japanawa suka yi ta kawo hari dare da rana, suka kasa karɓe wurin. Duba nan, mai karatu. Abin da fim ya nuna wasu Turawa ƙalilan sun yi a ƙarshen labari, wato yanke wa Japan layin dogo, shi ne abin da samarinmu suka yi makonni suna yi da jininsu a wani layin daban.

A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, wanda yau ake kira Mrauk-U. Daga nan ta 81 ta koma Indiya, ta 82 ta ci gaba da gangarawa kudu ta bakin teku, tana gwabzawa a Dalet da Tamandu da Letmauk da hanyar An. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta 1945, bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, amma yawancin sojojinmu sai a 1946 suka ga gida. Waɗanda ba su dawo ba, wasunsu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda kuma aka rubuta sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba. A cikinsu akwai sunaye irin namu.

In waɗannan sunayen garuruwa sun yi maka kama da wani abu da ka sani, ba mamaki. Duk ɗan Birnin Gwari da ya kama hanyar Kaduna, ya wuce Buruku ya shiga ta Mando ya fito Kawo, ya san Barikin Dalet. A cikin Kaduna kuma akwai Barikin Kalapanzin, sunan wani kogi ne a Arakan. A Zariya akwai Barikin Chindit. A Ibadan akwai Letmauk. A Ikko akwai Myohaung da Arakan da An da Tamandu, ga kuma Barikin Dodan, inda shugabanni suka mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1991, wanda wasu ke zaton daga kalmar dodo aka samo shi, alhali sunan wani wuri ne a Bama. Na yi shekaru ina wucewa ta gaban Dalet cikin mota ban taɓa tambayar ma'anarsa ba. Ashe littafin tarihin Baba Tsoho ne aka rubuta a jikin allunan bariki, ni kuwa ban iya karatun ba.

Su ma waɗanda suka zauna gida yaƙin Asiya bai bar su ba. Malaya ce ta fi kowace ƙasa fitar da kuza a lokacin, da ta faɗa hannun Japan sai Ingila ta juyo kan kuzar Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka kafa dokar aikin tilas, aka riƙa ɗibar manoma daga lardunan Arewa, har da Lardin Zazzau, ana kai su haƙar kuza, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. An kiyasta mutum kimanin 100,000 ne suka bi ta wannan aiki. Sanyin Filato da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da dama, da yawa kuma suka gudu da ƙafa. Ba zan ce wahalar ta kai ta layin dogon Tailan ba, don ba ta kai ba. Amma ya kamata a sani cewa a shekarar da Japan ke tilasta wa talakan Asiya sarar dutse don yaƙinta, a shekarar ce Ingila ke tilasta wa talakan Arewa haƙar ƙasa don nata. Wannan ma ba ya cikin fim.

Da sojoji suka dawo an yi musu maraba, Malam Sa'adu Zungur ma ya yi musu waƙa mai suna Maraba da Soja. Wasu sun dawo da sana'a, direbobi da makanikai da masu ɗinki da ma'aikatan asibiti. Wasu suka shiga aikin ɗan doka ko masinja ko gadi. Da yawa kuwa, irin su Baba Tsoho, fartanya suka koma. Sun dawo da buɗaɗɗen ido, don sun ga Indiya tana gab da karɓar 'yancinta, sun kuma ga Bature yana jin tsoro yana kuka kamar kowa. Amma ladan bai taka kara ya karya ba. A 2019 wasu 'yan jarida suka tono wata takarda ta 1945 a ma'ajiyar tarihin Ingila, wadda ta nuna kuɗin sallama na farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane wata da ya yi yana aiki, na baƙar fata ɗan Afirka kuwa sule 3 da sisi. Turawa da kansu suna kiran rundunar Janar Slim ta Bama da rundunar da aka manta. To in an manta da su, ina ga 'yan dakonsu?

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma akwai waɗanda suka yi ƙoƙari. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya fitar da littafin Burma Boy a 2007, jarumin littafin wani yaro ne mai suna Ali Banana a cikin dakarun Chindit. Akwai kuma Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo, wanda aka harbe a bakin Kogin Kaladan a Maris 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo na tsawon watanni, alhali in Japanawa sun gane kashe shi za su yi. Fadoyebo ya rubuta labarinsa da hannunsa, ɗan jarida Barnaby Phillips ya yi fim a kansa a tashar Al Jazeera a 2011, har ya je ya gano iyalan Shuyiman ya kai musu wasiƙar godiya. Fadoyebo ya rasu a 2012. An san shi ne don ya rubuta. Dubban 'yan'uwansa na Zazzau da Katsina da Kano da Sakkwato da Barno sun tafi da nasu labarin cikin ciki. Ga masu shirya finafinai na Kano da marubutanmu, wannan labari yana nan a ƙasa yana jiran mai ɗauka, kuma da Hausa aka yi shi tun asali, ba ya buƙatar tafinta.

Abin da ya fi damuna shi ne kada mu maimaita wannan sakaci. Dajinmu na Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya shafe shekaru sunansa na fitowa a jaridu saboda 'yan bindiga. Hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, ƙauyuka suka watse, gonaki suka zama saura, kafin sulhun ƙarshen 2024 da ya sa aka sake buɗe kasuwar kara. Direban da ya bi hanyar nan a munanan shekarun, da matar da ta kwana a daji da goyo, da manomin da ya sayar da shanun noma ya fanshi ɗansa, duk suna nan da ransu, suna zaune a ƙofar gida kamar yadda Baba Tsoho ya zauna. In ba mu ɗauki biro ko waya mun naɗi bakinsu ba, wata rana wani zai zo daga nesa ya yi fim a kan Birnin Gwari, ya ɗauke shi a wani daji daban, jikokinmu su zauna su kalla, wani tsoho ya tambaya ina mutanenmu, su yi masa dariya.

Bayan rasuwar Baba Tsoho an buɗe akwatinsa na ƙarfe. An sami lambobin yabo guda biyu da suka yi tsatsa, da wata 'yar ƙaramar adda, da littafin sallamarsa daga soja wanda gara ta cinye wurin da aka rubuta lambar bataliyarsa. Addar tana nan a gidanmu, da ita ake datsa ƙashi ranar Layya.

Duk wanda ke da tsoho a gida, don Allah ya je ya gaishe shi yau, ya zauna, ya ce Baba ko Inna, ba ni labari. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu ƙarshen. Mu kwana nan.